Yadda ake kai ɗan yaye da kakanninsa wurin wasan yara a Sakkwato

Tun da aka yaye babbar ɗiyata nake wannan fita, da Sallah ko ranar hutu, galibi tare da Baba da Inna, wani lokaci da surukata. Yanzu muna kan yaro na uku. Fitar farko ba ta yi daɗi ba. Mun bar gida ƙarfe 11 na safe a cikin Afrilu, muka dawo bayan La'asar yarinya tana tsala kuka har muryarta ta dishe, Inna ta yi kwana biyu tana shafa man zafi a gwiwa. Baba bai ce uffan ba. Sai da shekara ta zagayo na ce a shirya, ya ce, "Ku tahi dai, Allah shi kiyaye hanya." Na sha lallashi kafin ya sake bin mu.

Mutum iri biyu za ka ɗauka, kuma babu wanda zai gaya maka ya gaji. Yaron bai iya faɗa ba. Tsohon ya iya, amma ba zai faɗa ba, don kada a ce shi ya ɓata wa jikansa rana. Kai ne za ka lura a madadinsu, kuma a kan wannan na gina duk shirin da ke ƙasa.

Kayan da za a tanada

Ruwa ne kan gaba. Ni nakan ƙiyasta lita 1 da rabi ga kowane babba, lita 1 ga yaro, sannan galan guda na alwala da wanke hannu. A saka rabin ruwan shan a firiji tun daren jiya ya daskare. In ba a samu wuta ba, a sayi ƙanƙara a unguwa a jefa cikin kula. Sauran rabin a bar shi yadda yake, domin tsofaffi da yawa ba sa shan ruwa mai sanyi. Inna gara ta zauna da ƙishirwa da ta sha abin da ta ce zai sa ta mura.

Jakar yaro daban: famfas 4 ko 5, tishu mai laima, kayan canji kala 2, hula mai baki, kofin da ya saba sha da shi, leda ta zuba ƙazantar kaya, da fo in an fara koya masa. Takalmi ya zama mai rufi ko mai maɗauri, silifas kam a lilon farko zai faɗi. Zanin goyo da majanyi ba a barin su ko da kuna da keken tura yaro, don keken ba ya tafiya cikin yashi, kuma in barci ya zo baya ce ke maganinsa. Da hunturu a ƙara basilin da 'yar rigar sanyi.

Jakar tsofaffi ita mutane suka fi mantawa. Maganin da suke sha kullum, cikin kwalinsa, saboda in wani abu ya taso likita ya ga sunansa. Tabarau, sanda, carbi, mafici ko 'yar fanka mai caji, darduma da buta. Dabino kaɗan. Goron Inna. Sai kujerun roba guda 2 masu hannu, kuma a kan hannun nan nake nanatawa: mai ciwon gwiwa da hannun kujera yake dogarawa ya miƙe, benci ko tabarma kuwa sai an kama shi a gaban jama'a, abin da dattijo ba ya so. In babu wurin kujeru a mota, a ɗauki ko guda ɗaya ce su riƙa karɓa-karɓa.

Na kowa da kowa: tabarma 2, abinci a kula, tocila, waya cike da caji, da tsabar kuɗi ƙanana, domin tiransifa takan maƙale a wurin da jama'a suka yi yawa, mai POS kuma ya ga dama ya ƙara caji. A cikin 'yar leda a sa filasta, auduga, farasitamol na yara da fakitin ORS guda 2, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki. Fakiti ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsabta ake narkar da shi. In babu, a haɗa na gida: lita 1 na ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishirin da ka, yawansa illa ne ga yaro.

1. Ka je kai kaɗai ka ga wurin tukuna

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, shi kuma aka fi tsallakewa. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka biya ta wurin da yamma, a daidai lokacin da kake son kawo iyali, ka shiga ka zagaya. Da idon tsoho za ka duba, sannan da idon mai tatata.

Daga inda ake ajiye mota zuwa ƙofa taku nawa ne? Daga ƙofa zuwa inuwa ta farko fa? Ƙasan siminti ne, ko yashi, ko tsakuwar da sanda ke zamewa a kai? Ka leƙa bayan gida da kanka, kada ka tsaya ga "akwai" da mai gadi ya ce maka. Na tsuguno ne ko na zama, da ruwa ko babu, ƙofar tana rufuwa? Wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ba zai iya na tsuguno ba, kuma in haka ne dole ka rage tsawon zaman ku. Ka ga inda ake salla.

Sai tambayoyin kuɗi. Wasu wurare kuɗin ƙofa daban, kowane abin hawa da tikitinsa daban. Ka tambayi ko yaro ɗan ƙasa da shekara 3 yana biya, ko babban da zai riƙe shi a kan abin hawa shi ma sai ya yanki nasa, ko ana barin a shigo da abincin gida, da ko farashin ranar Sallah ɗaya ne da na sauran ranaku. Ka tambayi ƙarfe nawa suke tayar da janareta. Na taɓa kai iyali wani wuri ƙarfe 3, muka biya kuɗin ƙofa, sai aka ce injuna ba za su tashi ba sai mutane sun taru. Awa ɗaya da rabi muna kallon dawakan roba a tsaye.

Kafin ka fita, tsaya ka kalli injunan suna aiki. Bel ɗin kujerun yana ɗauruwa ko a sake yake lilo? Akwai wayar wuta a ƙasa inda yara ke gudu? Mai kula da injin yana kallon yaran ko wayarsa? Ka ƙirga abubuwan da ɗan shekara 2 zai iya hawa. In sun kai 3, wurin ya isa.

In zuwa bai yiwu ba, ka tambayi wanda ya je cikin watan nan, ba bara ba. Hotunan da ake sawa a Facebook yawanci na ranar buɗe wuri ne.

2. Zaɓi rana da lokaci

Wanda ya zauna a Sakkwato ya san Maris zuwa Mayu ba wasa, zafi yakan haura digiri 40. Matsalar ita ce Ƙaramar Sallah a shekarun nan cikin wannan tsakanin take faɗowa: ta 2024 ranar 10 ga Afrilu aka yi, ta 2025 ranar 30 ga Maris. A irin wannan lokaci babu fita da safe ko da rana. A yi La'asar a gida, a isa wurin wajen 4:30, a tashi kafin Magariba. Awa biyu ke nan, kuma sun wadatar. Ana cewa fitar yini guda, amma mafi yawan yinin a shiri da hutu yake ƙarewa, zaman wurin bai kamata ya wuce awa 3 ba ko da yanayi ya yi daɗi.

Nuwamba zuwa farkon Fabrairu shi ne lokacin da na fi so. Ana iya fita da hantsi in wurin yana buɗewa, sai dai ranar da ƙura ta rufe gari a haƙura, musamman in akwai mai asma ko tari. Da damina kuwa, Yuni zuwa Satumba, idonka ya kasance a gabas. Hadari in ya haɗu da yamma iska ce ke riga ruwa isowa, kuma tattara tsofaffi biyu da yaro da kujeru cikin iskar nan ba aikin minti biyar ba ne.

Ranar Sallah da washegari, ka bar wa matasa. Layi, turereniya, ƙarar lasifika, babu wanda ya dace da mutanen da ka ɗauko. Rana ta huɗu, ko Asabar ɗin da ta biyo baya, injunan dai su ne, jama'a kuwa sun ragu. Ɗan shekara 2 bai san ranar Sallah ta wuce ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce tunda an fito da Baba, a biya ta Hubbaren Shehu a yi ziyara, a leƙa dangi a cikin gari a gaisa, sannan a wuce wurin wasa. Kowanne a cikin waɗannan fita ce mai zaman kanta. Ka ba ziyara ranarta.

3. Yi wa tsofaffi magana yadda ya dace

Ka je gida ka zauna ka faɗa musu, kwana uku kafin ranar, a matsayin roƙo. Ka gaya musu gaskiyar wurin: akwai kiɗa, akwai hayaniya, zaman awa biyu ne, za a dawo kafin Magariba ko a yi ta a can. Dattijon da bai son kiɗa gara ya sani tun a gida. A wannan zaman ne za ka san wane magani ake sha da yamma, kuma ko Baba yana azumin Sitta Shawwal, domin bayan Ƙaramar Sallah da yawa sukan ɗora nan take. Mai azumi ba a kai shi ya zauna cikin zafi, a jira ya gama.

Kada ka ɗauko su da niyyar su yi maka raino kai kana ɗaukar hoto. Kallo suka zo yi.

Akwai batun kunya, wanda duk mai shirin da ya manta da shi zai ga fita ta yi tsit bai san dalili ba. In iyayenka ne aka ɗauko, matarka ba za ta sake ta ci abinci a gaban Baba ba, ba za ta bi yaro da gudu ba, wataƙila ko sunan ɗan fari ba za ta kira ba. In iyayenta ne, kai ne za ka koma gefe kana sunkuyar da kai. Dalilin tabarma 2 ke nan. A shimfiɗa su da ɗan tazara, kuma a ɗauki wata ƙanwa ko ƙane da ba ya jin nauyin kowa, ya zama shi ke kai da kawowa tsakani.

In sun ce ba za su ba, kada ka matsa. Ka kai yaron, a hanyar dawowa ku biya da 'yar tsaraba ya ba su labari da gwarancinsa.

4. Raba aiki tun a gida

Babba ɗaya na yaro, babba ɗaya na tsofaffi, na uku kuma, matashin nan, shi ke bin layin tikiti da ɗauko abin da aka manta a mota. Mu a gidanmu ba a miƙa yaro da ido. Sai an ce "yana hannunka," ɗayan ya amsa "na karɓa." Da farko abin yana ba mutane dariya. Amma duk lokacin da na ga yaro ya sulale, manya ne da yawa a wurin, kowa yana zaton yana wajen wani. Yayarsa 'yar shekara 8 ko 9 ba ta cikin lissafin masu riƙo, ita ma wasa ta zo.

5. Safiyar ranar

Kada a gaya wa yaron da safe, in ba haka ba zai ƙi abinci ya ƙi barci yana jan ka zuwa ƙofa. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana, kuma wanda aka hana na rana shi ne mai birgima a ƙasa da ƙarfe 5. A ba shi abinci bayan Azahar, a kwantar da shi, a bar shi ya tashi da kansa. In ya makara, fita ce za ta jira shi.

Yana barci ake loda mota. Tsofaffi su ci abincin rana sosai su sha maganinsu, su ɗan kishingiɗa.

Kayan Sallah na hoto ne. Shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu suna cizon yaro cikin zufa, doguwar riga kuma tana harɗe ƙafa a matakala. A yi hoton a gida, a canza masa kayan auduga masu launin da ake hangowa daga nesa. 'Yan kunnen zinariya a cire. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka manna da filasta a cikin rigarsa, sannan ka ɗauke shi hoto a tsaye da kayan da zai fita da su.

6. Hanya

Motar da ta wuni a rana, a buɗe ƙofofinta ta sha iska kafin kowa ya shiga, kuma a taɓa ƙarfen bel, yana ƙona fatar yaro. Baba a gaba. Yaro a baya, cikin kujerar yara in akwai, in babu a tsakiyar manya biyu, a danna makullin da ke hana buɗe ƙofa daga ciki. Baba zai ce a miƙo masa jikansa ya riƙe a cinya. Wannan wuri ne da za ka ƙi cikin ladabi: in aka taka birki da ƙarfi hannu ba ya riƙe yaro, jakar iskar da ke gaban kujerar kuma in ta fashe a kansa za ta sauka. Ni nakan ce uwarsa ce za ta ba shi ruwa a hanya, magana ta ƙare ba wanda ya ji haushi.

In babu mota, a yi shatar keke napep guda 2 na wanda aka sani a unguwa, a daidaita kuɗin zuwa da dawowa, a karɓi lambarsa, a sa masa lokacin da zai dawo. Neman abin hawa a bakin ƙofa da Magariba, da tsohuwa a tsaye da yaro a baya, wahala ce. Kabu-kabu kam babu shi a wannan tafiya.

Ka sauke tsofaffi a bakin ƙofa tare da mai kula da su kafin ka je ajiye mota. Ko yaro yana barci ba a barin shi a ciki, ko na minti biyu.

7. Kafa zango

Kuna shiga, yaro zai nuna abin da ya fi ƙara ya ce can. Ba can za a fara ba. A nemi wurin zama tukuna: nesa da janareta da lasifika, kusa da bayan gida amma ba a bakinsa ba, kuma inda Inna za ta hango lilon ƙanana daga kujerarta. Inuwa tana tafiya. Da yamma rana tana yin yamma, inuwa tana miƙewa gabas, saboda haka ku zauna gabas da bishiya ko bango, ba za ku sake jan kujera ba har ku tashi.

A zaunar da su, a miƙa wa kowa ruwa, mai kula da su ya nuna musu hanyar bayan gida tun yanzu, tun ba a matsu ba.

8. Wasan kansa

Ka ɗauke shi ku tsaya ya kalli sauran yara na minti goma. Daga fuskarsa za ka gane abin da yake so da wanda yake tsoro. A fara da wanda ba ya amfani da wuta, lilo ko 'yar zamiya, amma kafin ya hau ka ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen ko robar. In kai ba ka iya barin hannunka a kai ba, shi ma cinyarsa ba za ta iya ba. Ƙarfen da ya sha ranar Afrilu yana riƙe zafi har bayan La'asar.

Tikiti ɗaya-ɗaya ake saye. Na taɓa yankar guda 6 a tashi ɗaya don in huta da layi, yarinya ta hau dokin juyi sau ɗaya ta ce ba ta ƙara, ba a kuma mayar da kuɗi. A dokin juyi ka tsaya a gefensa hannunka a bayansa, in ba a yarda babba ya hau ba to a bar shi. Ƙaramin jirgin ƙasa shi ne abin da ya fi dacewa da kowa, yana tafiya a hankali, kuma shi kaɗai ne na taɓa shawo kan Inna ta shiga. Tana zaune kusa da jikanta tana tsokanarsa: "Maigida, ba ka ba ni na cehwane ba, ka kwaso ni yawon jirgi?" Shi kuwa yana ta ɗaga wa Baba hannu duk zagaye. Wannan minti biyar ɗin sun biya kuɗin ƙofa.

Gidan tsalle na iska yana da kyau a ido, amma in manyan yara suna ciki ba wurin ɗan yaye ba ne, ɗan shekara 10 in ya diro kansa zai faɗo. Sai in an ware na ƙanana, ko ka samu lokacin da ya zama babu kowa, kuma iska tana tasowa a fito da shi. Motocin karo da duk abin da ke tashi sama ko juyawa da gudu, a bar su sai ya girma. Inda aka sa ma'aunin tsawo, kada ka roƙi mai injin ya yi maka alfarma, bel ɗin ba a yi shi don jikin da bai kai ba. Haka tsofaffi: mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon baya ko jiri, ba a tsokanarsa ya hau abin juyi don a yi dariya.

Yaro yana kuka a kan abu, a ce wa mai injin ya tsaya. Ba a koya jarumta a nan. Kuma kada ranka ya ɓaci in bayan duk kuɗin da ka kashe ya fi son hawa da sauka a matakala uku na bakin shago, ko bin tantabara. Autanmu rabin awa ya yi yana zuba tsakuwa cikin hular Baba, Baba yana zubarwa yana sake miƙa masa.

9. Duba su duk rabin awa

Ka sa wa wayarka ƙararrawa in kana mantuwa. Yaro a dawo da shi zango, a ba shi ruwa ko bai nema ba, a taɓa famfas. In tun fitowa a bushe yake, leɓe ya bushe, yana kuka babu hawaye, ko ya yi laushi ya daina sha'awar wasa, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. A cire masa kaya masu nauyi, a shafa masa ruwa, a riƙa ba shi ORS kaɗan-kaɗan, wasa ya ƙare.

Tsofaffi sun fi wuyar karantawa. Ka tambayi Baba ko ya gaji, amsar ɗaya ce: "Lahiya lau nike." Don haka na daina tambaya. Kallon kwalbar ruwansa nake, in ga ko ta ragu. Da yawa suna ƙin sha da gangan don kada fitsari ya tashe su a wurin da ba su yarda da bayan gidansa ba. Ina lura da ko hira ta ɗauke, ko ana yawan gyara zama, ko Inna ta fara matsa gwiwa. In na ga haka sai in ce, "Inna, ni kam na gaji, ko mu fara haramar gida?" Nan take za ta ce to, tunda gajiyar tawa ce.

Mai ciwon sukari da ke shan magani, in ya fara zufa mai sanyi, hannu na rawa, magana tana harɗewa, mai yiwuwa sukarinsa ne ya faɗi. In yana cikin hayyacinsa a ba shi dabino 3 ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a biyo da abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. Wannan, da ciwon ƙirji, da karkacewar baki, da ruɗewa cikin zafi, duk na asibiti ne kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, wanda ya fi kusa. Ka san hanyar tun ranar da ka je duba wuri.

10. Abinci

Na gida ya fi: masa, dafa-duka mara yaji, ayaba, kankana da aka yanka aka cire 'ya'yan. Fura da nono tana tsami da wuri a zafi, sai a cikin kula mai ƙanƙara. A ci bayan an gama hawan abin juyi, in aka ci kafin nan a rigarka zai dawo.

Masu talla za su kewaye ku da gugguru, gyaɗa, alawa mai tauri da balan-balan, kakanni kuma hannunsu a buɗe yake ga jika. Ka roƙe su tun a gida: waɗannan suna shaƙe yaron da bai kai shekara 4 ba, haka ma guntun balan-balan da ya fashe. In Inna tana son ta saya masa wani abu, ka nuna mata biskit mai laushi ko yogot mai sanyi da ke a rufe. Askirim da ya narke ya sake daskarewa, wanda za ka ga ƙanƙara a samansa siffarsa ta lotse, a bar wa mai shi. Duk abin da zai ci, a zaune zai ci.

11. In yaro ya ɓace

Mutum ɗaya ya ruga bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna wa masu gadi hoton da aka ɗauka a gida. Tsofaffi su zauna a zango, can yaro zai nufa in ya gane hanya. Mai nema ya ɗaga murya yana faɗin kamanninsa, "yaro ɗan shekara 2, jar riga," domin kiran suna kaɗai ba ya sa baƙo ya waiga. A fara duba inda ruwa yake da inda motoci suke, sannan abin hawan da ya fi so.

12. Tashi

Ku tashi yaro yana dariya, kada ku jira kuka ya kore ku. A Sakkwato rana tana faɗuwa wajen 6:15 a Nuwamba da Disamba, tana kaiwa 7 da 'yan mintoci a Yuni da Yuli. Ka cire rabin awa daga nan, shi ne lokacin naɗe tabarma. Ana kiran salla kowa zai nufi ƙofa a lokaci guda, sauro kuma ya fito, ga duhu ga mai sanda.

Ka gaya wa yaron saura hawa ɗaya, ka bar shi ya zaɓa, in an sauko a goya shi kai tsaye. Zai yi kuka na minti uku. Kada wani ya ce a ƙara masa ɗaya, yawanci Baba ne ke cewa. Matashin ya riga ku kai kujeru da kula mota, ka ƙirga jakunkuna, ka duba jakar magani da idonka, sannan a kawo mota bakin ƙofa.

Tsofaffi ake fara saukewa, ka raka su har ciki, ka ajiye musu sauran kankana. Yaro a yi masa wanka a duba jikinsa ko akwai ƙujewa ko ƙuna, a ba shi ruwa ya kwanta da wuri. Washegari da safe ka leƙa gida. Kada ka tambayi Inna yaya gwiwa, za ta ce lafiya. Duba ko kwalbar man zafi tana kan tabarma kusa da ita. In tana nan, zuwa na gaba ka rage rabin awa.